Gidajen motsa jiki sun sake cika, amma ina rabon ma'aikacin Sharada, Challawa da Bompai?

Lokacin da annobar korona ta sa aka kulle birane a shekarar 2020, ciki har da Kano daga tsakiyar watan Afrilu, masu hali sun koma atisaye a ɗaka, suna bin mai koyarwa ta waya. Kamfanin Peloton na Amurka, mai sayar da kekunan motsa jiki na cikin gida, ya ci kasuwarsa har wasu suka ɗauka an yi ban kwana da gidajen motsa jiki. Ba a je ko'ina ba labari ya sauya. A watan Fabrairun 2022 kamfanin ya sallami ma'aikata 2,800, shugabansa ya sauka, domin jama'a sun koma inda za su yi gumi tare da 'yan'uwansu.

Wannan iska ta kaɗo Kano. Wanda ya bi ta Filin Sukuwa ko filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata da safiyar Asabar zai ga matasa da magidanta suna sassarfa, kuma da yawansu tsoron hawan jini da ciwon suga ne ya fito da su. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ta kuma ce a 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya ba su cika wannan ƙa'ida ba.

Sai dai idan aka shiga unguwannin masana'antu, Bompai wadda ita ce babbar yaya, da Sharada, da Challawa inda kamfanonin jima suke, maganar takan rabu gida biyu. Akwai ma'aikacin ofis da ke wuni a kujera gaban kwamfuta; shi kam shawarar hukumar ta dace da shi daidai wa daida. Akwai kuma wanda ke tsaye gaban injin roba tun safe, ko yake ɗaga jiƙaƙƙiyar fata, ko yake lodin buhuna a zafin Afrilu da kan haura digiri 40. Idan aka ce wa wannan ya motsa jiki, dariya zai yi, ya ce to shi me yake yi tun asuba?

A nan ne kuskuren yake, kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, har da masu gidansa. Masu bincike kan lafiyar ma'aikata, musamman Andreas Holtermann na ƙasar Denmak, sun nuna cewa wahalar aikin ƙarfi ba ta bai wa zuciya kariyar da atisayen ganin dama yake ba ta. Mai gudu a fili yakan matsa wa zuciyarsa na rabin awa, sannan ya huta, a cikin hutun ne jiki yake gina kansa. Lebura kuwa bugun zuciyarsa yakan ɗan ɗaga ne na tsawon awanni ba sauka, ɗaukar kaya da doguwar tsayuwa suna ɗaga masa jini, gaɓoɓi iri ɗaya ne ke shan wuya kullum, gobe kuma ya dawo tun gajiyar jiya ba ta sake shi ba. Ba shi ne ke zaɓar lokacin tsayawa ba, inji ne. Saboda haka mutum yana iya zama da damatsa kamar ɗan dambe, alhali hawan jini yana cin sa a ɓoye, bayansa kuma ya gama lalacewa tun bai kai hamsin ba.

Abin da irin wannan ma'aikaci yake buƙata ya fi kuɗin rajistar gidan motsa jiki araha: hutu a tsakanin aiki, sauya masa wurin tsayuwa, ruwan sha, awon jini lokaci-lokaci, da fili inda zai buga ƙwallo ranar hutunsa. Wasu daga cikin waɗannan ma ba alfarma ba ce. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da haƙƙin hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, da kwana ɗaya na hutu a kowane mako. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta ruwan sha, da iska mai kyau, da kayan agajin gaggawa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ɗora wa mai kamfani zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF. Matsalar ita ce wanda aka ɗauka aikin wucin gadi ta hannun ɗan kwangila ba kasafai yake da bakin tambayar haƙƙinsa ba, don ya san akwai masu jira a bakin ƙofa.

Kano ma ba baƙuwa ba ce ga wasanni a wurin aiki. Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan wani gidan kasuwanci na birnin, ta lashe gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1978. Ita kanta Kano Pillars, da aka kafa a 1990, ta samo asali ne daga haɗakar ƙungiyoyi uku, biyu daga ciki na ma'aikatu ne: WRECA da Bank of the North. A Japan kuwa, tun 1928 ake watsa atisayen safe ta rediyo, kuma har yau akwai masana'antun da ke fara aiki da shi na 'yan mintuna.

Masu kamfanoni suna da nasu kukan, kuma ba na banza ba ne. An cire tallafin fetur a Mayun 2023, kuɗin lantarkin rukunin A ya ninka fiye da sau uku a Afrilun 2024, masaƙu da dama sun daɗe da rufewa. Amma miƙa jiki na minti biyar kafin a kunna inji ba ya cin dizal, na'urar awon jini kuma ba ta kai kuɗin tayar babbar mota ɗaya ba. Duba ko ana bin dokar hutu aikin sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ne, kuma 'yan majalisar da ke wakiltar Kumbotso, da Nasarawa, da Birni da Kewaye suna da hurumin tambayar sau nawa sufetocin suka leƙa waɗannan masana'antu a bana.