"Kan Bai Fashe Ba" Ba Shaidar Lafiya Ba Ce

Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko ya suɓuto daga bayan ɗan acaɓa, ko ya gangaro daga matakalar bene. Abu na farko da muke yi shi ne mu kama kansa mu dudduba. In ba mu ga jini ba sai mu sauke ajiyar zuciya, mu ce, "Alhamdu lillahi, kan bai fashe ba." A gasa ƙulun da tsumma da ruwan ɗumi, a shafa man zafi, a ce ya je ya kwanta. Wannan magana ta "kan bai fashe ba" ta yaudari iyaye da yawa, domin ɓarnar da ta fi kisa ba a waje take ba.

Ƙoƙon kai rufaffen akwati ne. Ƙwaƙwalwa tana ciki, mai taushi, tana iyo a cikin wani ruwa garai-garai. In ƙafa ta bugu ta kumbura, tana da sararin kumbura. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi: da ta fara tasowa sai ta tokari ƙashi, jijiyoyin da ke kai mata jini su matse, iskar da take rayuwa da ita ta ragu. Saboda haka likitoci suka kasa raunin kai gida biyu. Akwai wanda ya auku a daidai lokacin bugun, wannan aikin gama ya gama. Akwai kuma wanda ke biyo baya a hankali, na kumburi da taruwar jini, wanda yakan kai maƙura tsakanin awa 48 zuwa 72. Kusan duk faɗi-tashin da ake yi a asibiti na tare wannan na biyun ne.

Wani nau'in ma har da yaudara yake zuwa. A ƙarƙashin ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, akwai jijiyar da in ta tsinke jini ke taruwa tsakanin ƙashi da rigar ƙwaƙwalwa. Yaro zai iya suma na ɗan lokaci, ya farfaɗo, ya yi magana, ya ci tuwo, bayan wasu awanni barci mai nauyi ya ɗauke shi. In an kai shi da wuri, tiyata tana ceto shi, sau da yawa ya warke sarai.

To ko gwajin jini zai iya nuna wannan ɓarna ta ɓoye? Duk inda jiki ya ji rauni, yakan tura dakarunsa wurin, wato fararen ƙwayoyin jini. Waɗanda ke fara isa su ne niyutirofil. Firgicin rauni yana sa jiki ya saki sinadaran da ke ƙara yawansu, a lokaci guda kuma wasu 'yan'uwansu da ake kira limfosait su ragu. Likita yakan raba adadin na farko da na biyu. Misali, in niyutirofil 9,000 ne, limfosait kuma 1,500, amsar 6 ke nan. Masu bincike a ƙasashe daban-daban sun lura cewa yaran da wannan lissafi nasu ya yi sama sosai, ko ya ƙi saukowa bayan kwanaki, su ne suka fi daɗewa a gadon asibiti, suka fi fita da naƙasa ko rasa rai. Haka ake kallon sinadarin CRP da hanta ke fitarwa, wanda ke fara hawa 'yan awanni bayan rauni ya kai ƙololuwa a wajen kwana biyu. Hatta sukarin jini, in ya haura a jikin yaron da ba shi da ciwon suga, alama ce ta cewa bugun ya shige shi.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne araha. Ƙidayar ƙwayoyin jini gwaji ne da ake yi a yawancin manyan asibitocin ƙananan hukumomi, alhali na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta CT sai an dangana da birni, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa sai irin su Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko Yamai. In jini ya taimaki likitan karkara ya gane wanda ya kamata a tura gaba da gaggawa, ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kada mu ɗora wa gwajin kayan da ya fi ƙarfinsa. Waɗannan alamomi ba su san ƙwaƙwalwa ba, kumburi kawai suka sani. Zazzaɓin cizon sauro yana ɗaga CRP, ciwon haƙarƙari yana ɗaga shi, karaya a cinya tana ɗaga niyutirofil, mai sikila kuma dama fararen ƙwayoyinsa sukan zauna a sama. A ƙasar da yaro zai iya faɗowa daga bishiya da zazzaɓi a jikinsa, karanta takardar sai gwani. Ga kuma shekaru: yaron da bai kai shekara huɗu zuwa biyar ba, limfosait ɗinsa sun fi niyutirofil yawa, akasin babba, don haka ba a auna su da mudu ɗaya. Akwai gwaje-gwajen da suka fi kusa da ƙwaƙwalwar kanta, na sinadaran da ke tsiyayowa cikin jini idan ta ji rauni. A watan Fabrairun 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da na farkonsu, mai auna GFAP da UCH-L1, amma domin manya aka amince da shi. A taƙaice, takardar jini mai kyau ba izinin tafiya gida ba ce, mai muni kuma ba takardar mutuwa ba ce.

Har gobe babban ma'aunin likita shi ne yaron kansa. Tun 1974 wasu likitoci biyu a Gilasgo, Graham Teasdale da Bryan Jennett, suka tsara ma'aunin hayyaci: shin yana buɗe ido, yana magana, yana motsi? Maki daga 3 zuwa 15 ne, kuma 8 zuwa ƙasa rauni ne mai tsanani. Wani bincike da aka wallafa a 2009, kan yara sama da 42,000 a asibitocin Amurka, ya nuna cewa labarin faɗuwar da yanayin yaron sun isa a gane waɗanda ba su buƙatar hoton CT, wanda shi ma haskensa ba abin yawaita wa yaro ba ne. A lissafinsu, faɗowa daga tsayin da ya haura santimita 90 ga wanda bai kai shekara biyu ba, ko mita ɗaya da rabi ga wanda ya haura, faɗuwa ce mai tsanani. Santimita 90 fa bai wuce tsayin tebur ba da ɗan ƙari. Don haka, uwa, in likita ya tsare ki da tambayar daga ina ya faɗo, ƙarfe nawa, ya suma ko bai suma ba, ki faɗi gaskiya ko da a hannun yayarsa ya suɓuce.

Jin kalmar kumburi kada ya sa wani ya ruga kemis. Wani babban gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2004, kan manya kimanin 10,000 masu raunin kai, ya gano cewa maganin kumburi na dangin sitiroyid ƙara mace-mace ya yi. Dekzametason da ake saya kamar gyaɗa ɗan wannan gida ne. Asfirin da ibufurofen da diklofenak kuma suna iya ƙara zubar jini. Farasitamol ya wadatar kafin a ga likita. Ƙaho da tsaga ba sa isa ga jinin da ke bayan ƙashi.

A kwana ukun farko ido ne magani. A bar yaro ya yi barci, amma a riƙa tada shi a daren farko a ga ko ya gane mutane. A garzaya asibiti in ya suma ko da na ɗan lokaci ne, in yana ta amai, in ciwon kai yana ƙaruwa, in ya rikice ko tada shi ya yi wuya, in ya yi jijjiga, in baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, in jini ko farin ruwa na fita ta kunne ko hanci, in gefen jiki ɗaya ya saki. Jariri kuwa a duba maɗigarsa ko ta taso, a lura ko ya ƙi nono ko yana kukan da ba a saba ji ba. Jijjiga bayan faɗuwa daga raunin take: kada a cusa masa cokali, kada a ɗura masa ruwa, kada a turara shi da hayaƙi. A kwantar da shi ta gefe, a tallafe kai da wuya kada su lanƙwashe.

Iyaye maza, ku da ke riƙe da kuɗin mota da izinin fita: in uwar yaro ta ce yau ɗanta ba daidai yake ba bayan ya bugu a ka, kada ku ce a bari gari ya waye. Ku tashi a daren.