Suna, Tambari da Shuɗin Maki: Yadda Ake Gane Wanda Ya Aiko Imel

Abu uku ne ke fara tarar idon wanda ya buɗe akwatin imel a wayarsa: ɗan da'ira a gefen hagu, suna da rubutu mai kauri, sai kan magana. A nan ake yanke hukunci, ko a buɗe saƙon ko a share shi. Masu tallan kaya sun san haka, 'yan damfara ma ba a bar su a baya ba.

Sunan nan mai kauri shi ne mafi rauni a cikin ukun, domin mai aikawa ne ke rubuta shi da hannunsa. Tsarin aika imel da ake kira SMTP, wanda aka shimfiɗa tun 1982, bai tanadi hanyar bincikar gaskiyar mai aikawa ba. Kamar wasiƙar gidan waya ce, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a bayan ambulan. Ga shi kuma yawancin manhajojin waya sunan kawai suke nunawa a jerin saƙonni, su ɓoye adireshin. Shi ya sa saƙon da ke cewa za a rufe asusun mutum idan bai turo lambar BVN ba kan zo da sunan banki ƙuru-ƙuru, alhali adireshin da ke ƙarƙashi ba shi da alaƙa da bankin ko ta kusa.

Don toshe ɓarakar rashin tantance mai aikawa aka ƙirƙiro matakai uku da ke aiki a bayan fage. Da SPF kamfani ke bayyana jerin kwamfutocin da ya yarje wa aika saƙo da sunansa. DKIM sa hannu ne na sirri da ake liƙa wa kowane saƙo, wanda ke lalacewa idan an taɓa saƙon a hanya. DMARC kuwa, da ya fito a 2012 da haɗin gwiwar Google, Yahoo, Microsoft, PayPal da wasu, yana duba ko adireshin da mai karatu ke gani ya yi daidai da wanda ya tsallake binciken, sannan ya faɗi abin da za a yi wa saƙon da ya faɗi: a bar shi, a killace shi, ko a ƙi karɓarsa.

Mai karatu ba ya ganin wannan bincike, amma yana ganin sakamakonsa. Tun 2016 Gmail ke sa alamar tambaya a cikin da'irar nan idan ta kasa tantance mai aikawa. Idan kuma wani shago ya ba kamfanin aika saƙonni irin Mailchimp aikin tallarsa ba tare da ya daidaita nasa sa hannun ba, Gmail kan rubuta kalmar "via" kusa da sunan shagon, ta biyo ta da adireshin wanda ya yi dakon saƙon.

Tambari a cikin da'ira shi ne abin da manyan kamfanoni ke rububi. Tsarinsa ana kiransa BIMI. Gmail ta buɗe shi ga kowa a Yulin 2021, Apple ta bi sahu a 2022 da fitowar iOS 16, sannan a Mayun 2023 Gmail ta ƙara shuɗin maki kusa da sunan. Samun makin ba wasa ba ne. Dole kamfani ya tsaurara DMARC ɗinsa har matakin killacewa ko ƙin karɓa, ya yi wa tambarinsa rajista a hukumance, sannan ya sayi takardar shaida mai suna VMC daga kamfani irin DigiCert, da kuɗin da kan haura dala 1,000 a shekara. A 2024 Gmail ta sassauta: wanda bai yi rajistar tambari ba zai iya nuna shi da wata takardar mai suna CMC, sai dai ba za a ba shi maki ba.

Hoto kaɗai ba hujja ba ne, tunda duk mai asusun Google na iya ɗora hoton da ya so. Shi kansa makin bai yi wata guda da fitowa ba sai da wani masanin tsaron intanet a Amurka ya nuna saƙon bogi ɗauke da tambarin kamfanin UPS da shuɗin maki. Google ta gyara, ta wajabta sa hannun DKIM ga duk mai neman makin.

Daga Fabrairun 2024 lamarin tantance mai aikawa ya tashi daga ganin dama zuwa tilas. Google da Yahoo suka gindaya wa masu aika saƙo da yawa sharuɗɗa, inda Google ta kafa iyaka a kan saƙo 5,000 a rana: a cika matakan nan uku, a sa hanyar fita daga jerin talla da dannawa ɗaya, kuma ƙorafin masu karɓa kada ya kai kashi 0.3 cikin ɗari. Microsoft ta shigo da nata sharuɗɗan ga Outlook a Mayun 2025.

Har yanzu dai akwatunan ba su yi bai ɗaya ba. Saƙon da ya fito da tambari da maki a Gmail zai iya bayyana da haruffan farko na suna kawai a Outlook, kuma ƙananan 'yan kasuwa masu gaskiya da yawa ba su da kuɗin takardar shaida. Don haka masana tsaro ke ba da shawarar a taɓa sunan mai aikawa a ga cikakken adireshi, a karanta abin da ya biyo bayan alamar @ harafi bayan harafi, domin sau da yawa harafi ɗaya ake sauyawa, a sa lamba 1 a gurbin harafin l ko sifiri a gurbin o.