Ɗan hayan da ya zo da tabo: a karɓe shi ko a maida shi?

A Maraɗi, da Damagaram, da Yamai, da yawa daga masu ba da haya ba attajirai ba ne. Dattijo ne da ya yi ritaya, ko gwauruwa da mijinta ya bar mata ɗakuna uku a cikin gida. Kuɗin hayar nan shi ne cefane, shi ne magani, shi ne kuɗin makarantar yara. Wata biyu in ba a biya ba, tukunya ce ke sauka daga murhu.

A gidanmu mun taɓa shiga wannan hali. Wani magidanci mai ƴaƴa huɗu ya zo neman ɗaki biyu, dillali kuma ya raɗa mana cewa an fitar da shi daga gidan da ya baro, da bashin wata biyar a kansa. Mahaifinmu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi: "A ba mu kwana uku."

Abin da aka yi a kwana ukun nan shi muke son mu shimfiɗa wa mai karatu.

Da farko, an tafi wajen tsohon mai gidan. Wasu na ƙyamar wannan, suna ganin gulma ce. Ba haka ba ne. A cikin Sahihu Muslim, lokacin da Faɗimatu bintu Ƙais ta nemi shawarar Manzon Allah (S.A.W.) kan maza biyu da suka nemi aurenta, ya bayyana mata aibin kowanensu. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya ƙirga wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, kuma nasiha ga mai neman shawara na cikinsu. Sai dai akwai iyaka. Tambaya uku ce ta shafe mu: yana biya, yana kula da gida, yaya zamansa da maƙwabta? Abin da ke tsakaninsa da iyalinsa ba namu ba ne, domin aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane.

Na biyu, an saurari shi kansa mutumin, domin aya ta 6 ta wannan sura ta umurce mu da tabbatar da labari kafin yanke hukunci. Sai ga shi ɗan kasuwa ne mai shigo da kaya ta Jibiya, cinikinsa ya tsaya lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Ya fito da takardun shaidar biya na shekara uku kafin lokacin, babu gibi ko ɗaya. Tsohon mai gidan kuma ya tabbatar yana rage bashin kaɗan-kaɗan.

A nan ne hukunci ke rabuwa biyu. Akwai wanda ƙunci ya kayar, kamar waɗanda takunkumin 2023 ko ambaliyar 2024 suka karya wa jari. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa irin wannan har ya samu sauƙi. Akwai kuma mai hali da ke jan biya da gangan, wanda hadisin Buhari da Muslim ya kira aikinsa zalunci. Alamomin na biyun ba su ɓuya: yakan zagi duk mai gidan da ya taɓa zama wurinsa, ya ƙi faɗin inda ya baro, ya matsa a ba shi makulli yau-yau, ya bar bashin wuta da ruwa yana musu.

Na uku, an rubuta yarjejeniya. Malaman Malikiyya, tun daga Risalar Ibn Abi Zaid, sun shardanta a san kuɗin ijara da wa'adinta. Aka rubuta jaka nawa ne a wata, ranar biya, kuɗin ajiya da yadda za a maida shi, wanda zai biya wuta da ruwa, da wa'adin da za a ba shi in zama ya ƙare. Wansa ya tsaya masa lamuni, shaidu biyu suka sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Ba a ɗora masa kuɗin wata shida a gaba ba, domin wanda aka tatse tun ranar shiga, shi ne zai kasa a wata na uku.

Mutumin ya zauna da mu shekara huɗu. Sau biyu ya makara, sau biyun kuma shi ya fara zuwa ya faɗa kafin ranar biya.

Ba mu cewa kowane labari haka yake ƙarewa. Gwauruwar da ba ta da wata madogara tana da haƙƙin ta ƙi, babu zunubi a kanta. Amma in za ta ƙi, ta ƙi bayan bincike, cikin mutunci, ba tare da ta yaɗa sunansa a unguwa ba. Allah Ya ba mu maƙwabta na gari, Ya sa mu ma mu zamo na gari. Amin.