Shin Ko Kun San? Sitiyarin Tsofaffin Injinan Wasan Tseren Mota

Shin ko kun san cewa injinan tseren mota na gidajen wasa, waɗanda ake jefa wa kwabo kafin a tuƙa, sun haura shekara 50 da fitowa? Kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Gran Trak 10 a 1974, mai sitiyari da giya da totur da birki. Har yau masu sha'awa na farfaɗo da irinsu, kuma sitiyari na cikin abin da ya fi ba su ciwon kai.

Ko kun san sitiyarin iri biyu ne? Akwai mai juyawa babu iyaka, kamar na Pole Position da Namco ta Japan ta fitar a 1982, da na Super Sprint na 1986. Akwai kuma mai tsayawa a iyaka ya koma tsakiya da kansa, kamar na Out Run na Sega, shi ma na 1986. Wanda bai bambance su ba, gyaransa ɓarna ce.

Ko kun san na farkon da haske yake aiki? A ƙarshen sandar sitiyarin akwai faifai mai tsage-tsage da ke ratsa gaban ƙananan idanu biyu masu gane haske. Injin na lura da idon da ya riga gani, ta haka yake sanin dama aka yi ko hagu. In ido ɗaya ya mutu ko ƙura ta toshe shi, sai motar ta riƙa karkarwa a wuri guda, ko ta riƙa bin gefe ɗaya duk inda aka murɗa. Sau tari goge ƙurar kaɗai ke raba gardama.

Na biyun fa? Bolum ne a cikinsa, irin na ƙara sautin rediyo, galibi mai om 5,000. Ƙafafunsa uku: ɗaya na karɓar wuta, ɗaya na ƙasa, ta tsakiya na kai wa injin labarin inda sitiyarin yake. Da yake tuƙi ya fi yawa a tsakiya, nan ne gawayin cikinsa ke fara cinyewa. Alamarsa ita ce mota ta riƙa fizga a miƙaƙƙiyar hanya alhali direba bai motsa hannu ba. A ɗora masa mita, a murɗa a hankali: in lambobi na hawa daki-daki, lafiya lau, in suna tsalle, a sake wani.

Shin kun san injin da kansa na faɗin ciwonsa? Cikin ƙofar kwabo akwai maɓallin gwaji da ke nuna abin da sitiyari ke aikawa. A yawancin injinan Sega, tsakiya na nuna kusan 80 a lissafin kwamfuta, wato 128 a ma'aunin 0 zuwa 255. In sitiyari na tsaye daidai amma lambar ta kauce, sukurun da ke riƙe giyar bolum ne ya kwance, ko haƙoran giyar sun zame. In lambar ba ta motsi sam, a bi waya da soket, a duba dalmar da ta tsage.

Ko kun san wasu sitiyarin na kokawa da direba? Hard Drivin' na 1989 da Daytona USA na 1994 suna da ƙaramin injin lantarki mai tura sitiyari, da fanel na musamman mai sarrafa shi. In bolum ya yi ƙarya, sitiyarin kan fizge zuwa gefe da ƙarfi. Kada a sa yatsu kusa da giyoyinsa lokacin kunnawa.

A ƙarshe, kwalbar talabijin ɗin waɗannan injina na aiki da volt wajen 20,000, kuma takan riƙe wuta bayan an cire filogi. Gyaran sitiyari bai kai can ba, don haka a bar ta ga gwani. A fara da mai araha: ƙura, sukuru, waya, bolum. Babban fanel shi ne na ƙarshe da za a zarga.