Gwamnan da ya yi mulki ba kwamishina ko ɗaya

Mai karatu, idan hanya ta kai ka Mazanya, can ƙasar Jibiya a bakin iyakar Nijar, tambayi dattawa wa ya sauke musu haraji da jangali. Sunan da za ka ji ba na Bakatsine ba ne. A 1979 ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba tukuna, sai 1987, don haka Jibiya da ƙauyukanta duk ƙarƙashin Kaduna suke. Mutumin kuwa shi ne Abdulƙadir Balarabe Musa, akanta ɗan garin Kaya. To, yaya aka yi ya hau?

Ya tsaya takarar gwamnan Kaduna a PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, da alkawari mai sauƙin faɗi: kuɗin gwamnati na talakawa ne, kuma sai an ba su bayanin kowane kwabo. Abokin karawarsa Alhaji Lawal Kaita ne na NPN, jam'iyyar masu kuɗi da masu faɗa-a-ji. Aka ƙirga ƙuri'a, Balarabe ya lashe. Amma wani tarko na jiransa a majalisar dokoki, inda NPN ta kwashe kujera 64 cikin 99.

Yana hawa a watan Oktoba ya soke haraji da jangali, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Manomin da kan sayar da akuyarsa don kada dogarai su ci masa mutunci a gaban iyalinsa ya samu sa'ida. Makiyayi ma ya daina ɓoye shanu in ya ji masu ƙirga sun doso ruga. Murna a ƙauye, zaman makoki a gidajen da wannan kuɗi ke ratsawa. Za su ƙyale shi?

Tsarin mulki ya ce sai majalisa ta amince gwamna zai naɗa kwamishinoni. Ya aika sunaye, aka yi fatali da su. Ya sake aikawa, aka sake. Maganin abin a fili yake: ya sa 'yan NPN cikin jerin, a raba ma'aikatu, kowa ya lasa, a zauna lafiya. Kai da kai ne, mai karatu, me za ka yi? Za ka ba da kujera biyu ko uku don ka tsira da taka? Ni dai na san da yawanmu tun a aike na biyu za mu ce a yi sulhu, mu kira abin hikima.

Balarabe ya ƙi. Ya ce ba abin da ya yi wa jama'a alkawari ke nan ba. Ya ci gaba da tafiyar da jihar da ma'aikatan gwamnati, kusan shekara biyu ba kwamishina ko ɗaya. Ga kuma PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, har ya raba gari da Malam Aminu. Wa ya rage zai kare shi?

Ranar 23 ga Yuni, 1981, majalisa ta tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. Mataimakinsa Abba Musa Rimi ya ƙarasa wa'adin. A zaɓen 1983 Lawal Kaita ya samu kujerar da ya rasa, ya yi wata uku a kanta, sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga Disamba. Balarabe kuwa bai sauka daga aƙidar PRP ba har ya rasu a Kaduna ranar 11 ga Nuwamba, 2020.