Ina Makaɗi Ke Ajiye Kiɗansa, A Ka Ko A Yatsu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Gombe ranar hawan Salla, ya ga yadda makaɗa ke tarbar kowane hakimi da takensa, ba takarda a gabansu, ba kuma mai tuna musu. Masarautar nan ta faro ne daga Buba Yero a 1804, kiɗan fada kuwa daga ka zuwa ka ake gadonsa.

A yau samarin garin sun fi karkata ga fiyano, a situdiyo da coci-coci da gidajen biki. Galibinsu da kunne suke koyo, su yi ta maimaitawa har yatsu su saba. Illar wannan hanya ita ce, da zarar mutum ya yi tuntuɓe a tsakiyar kiɗa gaban jama'a, sai komai ya kwance masa, dole ya koma farko.

Masana sun auna wannan al'amari a kan gwanayen fiyano. Wani malamin Jami'ar Connecticut ta Amurka, Roger Chaffin, ya bi diddigin wata gwana, Gabriela Imreh, sa'ad da take haddace wani kiɗa mai wuya na Bach, Bajamushen nan. An ɗauki hoton bitarta ta fiye da sa'a 30, aka buga sakamakon a littafi a 2002. An tarar cewa ta yanka kiɗan gaɓa-gaɓa, tana tashi daga kan gaɓa, tana tsayawa a kan gaɓa, ta kuma kafa wa kanta alamomi a zuci. In yatsu suka ɓata hanya, sai ta kama daga alama ta gaba. Wato dai kai ne ma'aji, yatsu 'yan aike ne.

Game da himma kuwa, binciken da Anders Ericsson da abokan aikinsa suka yi a Berlin, wanda ya fito a 1993, ya nuna ƙwararrun masu fiyano sun tara kimanin sa'a 10,000 na bita kafin su cika shekara 20, alhali masu yi don nishaɗi ba su wuce kimanin 2,000 ba. Irin wannan bita ba daɗi gare ta ba, sai mai ƙwaƙƙwaran dalili ke jure mata.

Makaɗan fada sun daɗe da sanin haka. Ɗan makaɗi yakan yi shekaru yana bin ubansa, yana sanin taken wane ne wannan, da abin da gangar ke faɗi, kafin a sakar masa fage. Ma'anar ce ke riƙe masa kiɗan, sunan gidansu kuma ke hana shi kasala.

Saboda haka ya kamata masu koya wa yaranmu fiyano su riƙa tsayar da almajiri, su ce ya kama daga tsakiya. In ya kasa, to, da sauran aiki, bai kai a fito da shi gaban jama'a ba.