Jasmin Paris: mai goyon da ta tsere ma maza

Akwai wani irin tseren ƙafa da ya zarce maraton mai kilomita 42 nesa ba kusa ba. A kan wuni a kwana ana tafiya, kuma agogo ba ya jiran wanda ya tsaya barci. Cikin gwanayen wannan tsere akwai wata 'yar Ingila mai suna Jasmin Paris, likitar dabbobi, wadda aka haifa cikin shekara ta 1983.

Cikin watan Janairu na 2019, tsakiyar hunturu, ta shiga tseren da ake kira Spine, mai tsawon kilomita 431 bisa duwatsun arewacin Ingila. Kowa da jakar guzurinsa a baya, ga sanyi, ga dare ya fi rana tsawo. Ta ƙare cikin awa 83 da minti 12, barcin da ta yi duka kamar awa 3 ne. Babu namijin da ya riga ta, kuma ta rage fiye da awa 12 daga lokacin gwanin da ya fi kowa sauri kafin ita. Abin mamaki, a lokacin nan ɗiyarta tana da wata 14, ba a yaye ta ba. Saboda haka a zangon da abokan tsere ke hutawa, ita sai ta zauna ta tatse nono, sa'an nan ta ɗauki jaka ta ci gaba.

Tseren Barkley na jihar Tenesi, a Amurka, shi ya fi ba ta wuya. Kewaye 5 ne cikin kurmi da hawan tsauni, wajen kilomita 160, kuma tilas a gama cikin awa 60. Ba a sa alamar hanya. A kan ɓoye littattafai cikin daji, mai tsere ya nemo su da taswira, ya yago shafin da ya yi daidai da lambarsa don shaida. A 2022 ta yi kewaye 3. A 2023 ta yi na 4, amma lokaci ya ƙwace mata.

Ran 22 ga Maris 2024, tana da shekara 40, ta taɓa ƙofar ƙarshe, ta faɗi ƙasa don gajiya. Agogo ya nuna awa 59, minti 58 da sakan 21, watau saura sakan 99 a rufe. Daga 1989 zuwa ranar nan mutum 20 kaɗai suka gama tseren, ita ce mace ta farko cikinsu.